Yadda Za Ka Nemo Ingantattun Madogara Kan Rayuwar Rumawan Dā

Ɗiyar ƙanwata ce ta same ni bayan la'asar da littafin rubutunta a hannu. An ba su jinga a makaranta, shafi uku kan yadda mutanen tsohuwar daular Rum suke gudanar da rayuwarsu ta yau da kullum, kuma ta riga ta cika biyu. Sakin layi na farko ya ce attajiran Rumawa suna da wani ɗaki a gidajensu mai suna vomitorium, inda suke zuwa su amayar da abinci a tsakiyar walima don ciki ya sami wurin ƙari. Na biyu ya ce da gishiri ake biyan sojojinsu albashi. Na tambaye ta inda ta samo.

"Kawu, ai a intanet ne. Shafuka kusan biyar na duba, duk haka suka ce."

Duka biyun babu gaskiya a ciki. Vomitorium hanyar fita ce a manyan filayen kallo, inda jama'a ke tuɗaɗowa waje idan an tashi daga wasa. Sojoji kuwa da kuɗi ake biyan su: a zamanin sarki Augustus dinari 225 (kuɗin azurfa na Rumawa) ne albashin sojan runduna a shekara, daga baya sarki Domitian ya ɗaga shi zuwa 300. Shafukan nan biyar kwafar juna suka yi, don haka bakinsu ɗaya ne ko da sun kai ɗari. Abin da ni da ita muka yi a kwanaki uku da suka biyo baya shi ne na tsara a nan, don duk ɗalibin da irin wannan aiki ya faɗo wa.

Mataki na farko: wace Rum, kuma wane Barume?

Mu da muka tashi da karatun allo, idan aka ce Rum, Suratur Rum ce ke fara zuwa mana. To Rumawan da surar ta ambata, waɗanda suka gwabza da Farisa a ƙarni na 7, mutanen daular gabas ne mai hedikwata a Kustantiniyya, birnin da yau ake kira Istanbul, kuma yawancinsu Girkanci suke yi. Idan malamin tarihi ya ce tsohuwar Rum, galibi daular da ta taso daga birnin Roma na Italiya yake nufi. Al'adarsu ta ce an kafa birnin a shekara ta 753 kafin miladiyya, Augustus ya zama sarkin daula na farko a shekara ta 27 kafin miladiyya, ɓangaren yamma kuma ya rushe a 476. Tsakanin farko da ƙarshe ya haura shekara dubu da ɗari biyu. Wanda ya ce zai bayyana "rayuwar Rumawa" a shafi uku kamar wanda ya ce zai bayyana rayuwar Kanawa ne tun daga Bagauda har zuwa yau a takarda ɗaya.

Saboda haka ka matse tambayarka kafin ka buɗe kowane shafi. Ka yanke abu uku: wuri, lokaci, da irin mutumin. "Me Rumawa ke ci?" tambaya ce da ba ta da amsa. "Me talakan garin Pompeii na Italiya ke ci dab da shekara ta 79 miladiyya, shekarar da aman wutar dutse ya binne garin?" tana da amsa, har da shaidar da za a iya taɓawa da hannu. Haka ma yaran makaranta a Masar ƙarƙashin mulkin Rum, ko matan hafsoshi a kan iyakar arewacin Ingila. Kada ka manta cewa daular ta mamaye dukan gaɓar arewacin Afirka. Leptis Magna a Libiya, inda aka haifi sarki Septimius Severus, da Timgad a Aljeriya, garuruwan Rumawa ne sosai, kuma kangayensu na nan tsaye.

Mataki na biyu: raba ganau da jiyau

Madogara iri biyu ce. Akwai abin da ya fito daga zamanin kansa: wasiƙa, doka, rubutun kan kabari, tukunya, kangon gida. Wannan shi ne ganau. Akwai kuma abin da masana na baya suka rubuta bayan sun nazarci waɗancan. Wannan jiyau ne, kuma ba aibu ba ne, don jiyau nagari shi ke koya maka yadda za ka karanta ganau. Aikin makaranta mai kyau yana buƙatar duka biyun. Sharaɗin kawai shi ne jiyau ya faɗi daga bakin wa ya ji. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san wannan ƙa'ida: magana ba ta tsayuwa sai da isnadi. Shafin da ya ce "masana tarihi sun ce" bai ambaci ko ɗaya ba, isnadinsa a yanke yake. Ka wuce shi.

Mataki na uku: marubutan Rum, da yadda ake sauraronsu

A nan ɗalibai suka fi faɗawa rami, don suna ɗauka duk abin da Barume ya rubuta da hannunsa gaskiya ce tsagwaronta. Kusan duk littattafan da suka iso mana maza ne suka rubuta su, masu dukiya ko masu cin abinci a gidan masu dukiya, mazauna birni. Bayi, mata, manoma da 'yan tireda ba kasafai suke magana da bakinsu a ciki ba. Kafin ka ɗauki maganar marubuci, ka san sana'arsa.

Ɗauki Juvenal. A waƙarsa ta uku ya zana Roma a matsayin garin da ba a barci saboda ƙarar amalanke da dare, gidajen haya na shirin ruftawa, gobara ba ta yankewa, tukwane na faɗowa daga tagogi, har ya ce wawa ne mai fita cin abincin dare bai bar wasiyya ba. Akwai gaskiya a ciki, domin doka ta hana yawancin amalanke shiga birnin da rana, don haka da dare suke aiki. Amma Juvenal mawaƙin zambo ne. Ba wanda zai rubuta tarihin wani gari daga bakin ɗan gambara kaɗai. Haka walimar Trimalchio da Petronius ya rubuta, wadda shafukan intanet ke yawan kawowa a matsayin misalin cin abincin Rumawa: ƙagaggen labari ne, an yi shi don a yi wa 'yantaccen bawan da ya yi sabon kuɗi dariya. Littafin girke-girken da ake jingina wa Apicius kuwa an harhaɗa shi ne wajen ƙarni na 4 ko na 5, kuma yawancin girkin na gidan masu hali ne.

Wasiƙu sun fi kusa da ƙasa. Masanin falsafa Seneca, a wasiƙarsa ta 56, ya ba da labarin wani masauki da ya zauna a saman gidan wanka na jama'a: nishin masu ɗaga ƙarfe, tafin mai tausa a kan kafaɗa, ihun mai tsige gashin hammata yana kiran ciniki, da masu tallar kayan ƙwalama kowa da irin muryarsa. Ba don ya koyar da tarihi ya rubuta ba, yana so ne ya nuna hayaniya ba ta hana mai hikima tunani. Shi ya sa na fi yarda da shi a nan, don abin da mutum ya faɗa a kan hanyar zuwa wata magana ba kasafai yake yi masa kwalliya ba. Pliny Ƙarami kuma ya rubuta wa marubucin tarihi Tacitus wasiƙu biyu kan aman wutar dutsen Vesuvius a shekara ta 79, wanda ya binne Pompeii da Herculaneum, ya kuma kashe kawunsa Pliny Babba. Ganau ne, amma yana ɗan shekara 17 abin ya faru, sai bayan fiye da shekara ashirin ya rubuta.

Doka ma tana da nata tarkon. A shekara ta 301 sarki Diocletian ya fitar da dokar ƙayyade farashi, wadda ta ce kada lebura a gona ya wuce dinari 25 a yini tare da abinci, malamin ƙananan yara kuma dinari 50 kan kowane ɗalibi a wata. Lambobi ne masu daɗin sakawa a jinga. Sai dai farashin gwamnati ne, kuma kowa ya san tazarar da ke tsakaninsa da abin da ake ji a bakin kasuwa. Ka rubuta "doka ta ƙayyade", kada ka rubuta "ana biyan".

Mataki na huɗu: je juji

Idan talaka kake nema, a shara za ka same shi. A garin Oxyrhynchus na Masar, wanda yau ake kira Bahnasa, wasu Turawan Ingila biyu, Grenfell da Hunt, sun fara tonon jujin garin a ƙarshen ƙarni na 19. Busasshen yashi ya adana dubban takardun da mutane suka zubar: rasit, takardun haraji, yarjejeniyar koyon sana'a, gayyatar biki. A cikinsu akwai wasiƙar wani yaro mai suna Theon zuwa ga mahaifinsa da ya yi tafiya bai tafi da shi ba. Yaron ya ce idan ba a kai shi Iskandariya ba, ba zai ƙara rubuta wa uban wasiƙa ba, ba zai yi masa magana ba, ba kuma zai ci ko ya sha ba. Ɗiyar ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ƙaninta ne sak.

A can ɗaya ƙarshen daular, a sansanin soja na Vindolanda da ke arewacin Ingila, laka ce ta yi aikin da yashi ya yi a Masar. Tun daga 1973 ake tono siraran allunan katako da aka yi rubutu a kansu da tawada. A ɗaya, wani ya sanar da soja cewa an aiko masa da safa da takalma da kamfai. A wani, wajen shekara ta 100, Claudia Severa ta gayyaci ƙawarta Sulpicia Lepidina, matar kwamandan sansanin, zuwa bikin ranar haihuwarta ran 11 ga Satumba. Magatakarda ne ya rubuta jikin wasiƙar, amma gaisuwar ƙarshe da hannunta ta ƙara, kuma tana cikin mafi daɗewar rubutun mace da Latin, harshen Rumawa, da aka sani.

Sai abubuwan da ba su da rubutu ko kaɗan, ko masu ɗan kaɗan. A Roma akwai tudun Monte Testaccio mai tsayin kusan mita 35, wanda kusan gaba ɗayansa fasassun tulunan man zaitun ne, yawancinsu daga kudancin Sifaniya. Kusa da ƙofar Porta Maggiore akwai kabarin wani mai gidan burodi, Eurysaces, wanda ya sa aka sassaƙa aikinsa a jiki: niƙa, kwaɓi, gashi, awo. A Ostia, tashar jiragen ruwan Roma, gidajen haya masu hawa-hawa na nan ana gani. Rubuce-rubucen da aka samu a kan duwatsu da bango kuwa an tattara su a wani babban kundi da aka fara a Berlin a ƙarni na 19 ƙarƙashin Theodor Mommsen, ana taƙaita sunansa da CIL. Idan ka ga littafi ya ce CIL IV da wata lamba, rubutun bangon Pompeii da maƙwabtanta yake nufi, kuma alama ce marubucin ya san abin da yake yi.

Wannan ma da iyakarsa. Pompeii ƙaramin gari ne guda, a shekara guda. Abin da aka samu a can shaida ce kan Pompeii, ba kan daula duka ba.

Mataki na biyar: inda ake samun su ba tare da biyan kuɗi ba

Ba sai ka iya Latin ba. Perseus Digital Library na jami'ar Tufts da ke Amurka yana da matanin marubutan Rum da fassararsu ta Ingilishi kyauta. LacusCurtius, wanda ke kan shafin jami'ar Chicago, shi ma cike yake da fassarori. Allunan Vindolanda suna shafin Roman Inscriptions of Britain, kowanne da lambarsa da fassararsa da bayani. Gidan tarihi na Birtaniya, wato British Museum, ya sa kayansa a intanet, kowane abu da hotonsa, inda aka tono shi da kiyasin shekarunsa, kuma wannan ya fi hoton da ka tsinta a Facebook wanda ba ka san ma ko na Rum ba ne. Don maƙalun masana, Google Scholar zai nuna maka hanya, JSTOR kuma yana barin mai rajistar kyauta ya karanta wani adadi a kowane wata. Ɗaliban Nijar da sauran masu karatu da Faransanci su duba Persée, rumbun mujallun ilimi ne na Faransa da ba a biya.

Ka rubuta sunayen da haruffansu na asali a wurin nema, ka kuma nemi abu takamaimai. "Vindolanda tablets" ko "Seneca letter 56" za su kai ka ga ainihin abin. Tambaya mai faɗi kuwa shafukan talla za ta tara maka. In ka sami abu mai kyau, ka sauke shi a waya nan take, don data da wuta ba su da alƙawari.

Wikipedia ba haramun ba ce, ƙofa ce. Ka karanta don ka san sunaye da shekaru, sannan ka gangara ƙasan shafin inda manazarta suke, ka bi su. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa suna iya ƙaga maka sunan littafi da marubuci da lambar shafi, duk babu su a duniya. Duk abin da suka ba ka, sai ka gan shi da idonka a wani wuri kafin ya shiga takardarka.

Mataki na shida: duba shekarar

Abin da ake samu kyauta yawanci tsoho ne, don haƙƙin mallakarsa ya ƙare. Ga matanin marubutan dā wannan ba babbar matsala ba ce, ko da yake tsofaffin masu fassara suna da kunya: a wata tsohuwar fassarar waƙoƙin Martial, baitocin batsa zuwa Italiyanci aka juya su maimakon Ingilishi. Ga sharhin masana kuwa tsufa matsala ce. Littafin Jérôme Carcopino kan rayuwar yau da kullum a Roma, wanda ya fito a 1939, har yanzu ana samunsa a ɗakunan karatu, yana da daɗin karatu, amma ya jingina da yawa a kan Juvenal da Martial, kuma an yi tono mai yawa bayansa. Ka haɗa shi da na baya-bayan nan, irin littafin Mary Beard kan Pompeii na 2008.

Ga misalin yadda ilimin ke motsi. Yawancin tsofaffin littattafai sun ce ran 24 ga Agusta Vesuvius ya fashe, bisa kwafe-kwafen wasiƙar Pliny. A 2018 masu tono suka ga wani rubutu da gawayi a bangon wani gida a Pompeii mai ɗauke da kwanan watan da ya yi daidai da 17 ga Oktoba. Rubutun gawayi ba ya daɗewa a bango, don haka wasu masana suka karkata ga cewa a kaka abin ya faru, wasu kuma suka tsaya a kan Agusta. Ɗalibin da ya kawo ra'ayoyin biyu da dalilin kowanne ya fi wanda ya zaɓi ɗaya ya yi shiru burge malami.

Mataki na bakwai: rubuta isnadinka tun kana karatu

Ka ware shafi a littafinka. Duk maganar da ka ɗauka, ka rubuta a gefenta wanda ya faɗa, inda ya faɗa, da ko ganau ne ko jiyau. Marubutan dā ba da lambar shafi ake ambatonsu ba, don kowane bugu da nasa shafukan. Da lambar littafi da sashe ake yi: Pliny, Wasiƙu 6.16, ko Seneca, Wasiƙu 56. Littafin zamani kuwa sunan marubuci, sunan littafi, shekara da shafi. Shafin intanet ka haɗa da ranar da ka duba shi. Idan ka bari sai ka gama rubutu, za ka kwana kana neman inda ka ga wata jimla. Kowace babbar magana kuma ka nema mata shaidu biyu da ba su jiyo daga juna ba, in da hali ɗaya rubutu ɗaya abin da aka tono.

Ga yadda ta kasance da ɗiyar ƙanwata. Ta yage shafukan nan biyu, ta zaɓi abincin talakan Pompeii da Herculaneum. Ta sami hoton burodin da zafin dutsen ya mayar gawayi, zagayayye, an tsaga samansa gida takwas. Ta karanta cewa a magudanar ƙazanta ta Herculaneum masu bincike sun tace ƙashin kifi, ƙwallon zaitun, 'ya'yan ɓaure da ɓawon ƙwai, daga gidajen haya da shagunan da ke samanta. Sai muka kai ga CIL IV 5380, lissafin cefanen da wani ya karce a bango a Pompeii, kwana bayan kwana, da ƙaramin kuɗinsu mai suna as. Rana ta farko: cuku 1, burodi 8, mai 3, giya 3. Kashegari: burodi 8, mai 5, albasa 5, tukunya 1, giya 2, sai wani layi daban, burodin bawa 2.

Ta tsaya a kan layin nan ta daɗe.

"Kawu, shi burodin kawai ake saya masa? Ban ga an rubuta masa cuku ba."

Na ce bangon bai faɗa ba, don haka ita ma kada ta faɗa. Ta rubuta lambobin yadda suke, ta sa lambar kundin a gefe, a ƙasa kuma ta rubuta tambayar tata da alamar tambaya.